Yadda Ake Karanta Takardun Hasashen Leƙen Asiri na Zamanin Yaƙin Cacar Baka

A ranar 19 ga Satumba, 1962, shugabannin hukumomin leƙen asirin Amurka suka amince da wata takarda mai lamba SNIE 85-3-62, wadda ta yi nazarin makaman da Tarayyar Sobiyet take jibgewa a tsibirin Kyuba. Takardar ta yanke cewa da wuya Mosko ta girke makamai masu linzami masu ɗaukar nukiliya a can, domin yin haka ya saɓa wa ɗabi'arta da aka sani, kuma kasadar da ke ciki ta fi ƙarfin abin da shugabanninta za su yarda su ɗauka. A lokacin da ake sa hannu a kan wannan hukunci, makaman farko sun riga sun sauka a tashoshin jiragen ruwan Kyuba. Bayan kwana 25, a ranar 14 ga Oktoba, jirgin leƙen asiri na U-2 ya ɗauko hotunan sansanoninsu a kusa da garin San Cristobal.

Duk wanda ya karanta wannan takarda a yau zai ji kamar ya ce waɗanda suka rubuta ta ba su san aikinsu ba. Ni ma haka na ji a karon farko, kuma sai da na daɗe ina bin irin waɗannan takardu kafin na gane cewa wannan hukuncin gaggawa shi ne babban abin da ke hana mutum cin moriyarsu. Wannan jagora na rubuta ta ne domin ɗalibin tarihi ko na kimiyyar siyasa, da ɗan jarida, da duk mai sha'awar sanin yadda manyan ƙasashe suke auna abokan gabarsu a lokacin da wuta take gab da tashi.

Inda ake samun su

Mafi yawan abin da ake iya samu kyauta a intanet na Amurka ne, kuma da Turanci yake. Hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA tana da ɗakin karatu a shafinta, inda tun watan Janairun 2017 ta sanya miliyoyin shafukan da a da sai mutum ya je da ƙafarsa yake iya gani. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana buga jerin kundayen da ake kira FRUS, waɗanda suka fi sauƙin amfani ga mai farawa saboda an jera takardun bisa kwanan wata, an kuma bayyana wanda ya rubuta da wanda aka aika wa. Akwai cibiyar National Security Archive da ke Jami'ar George Washington, wadda take tattara takardu a kan rikici guda tare da gabatarwa, sannan akwai taskar Cibiyar Wilson, inda aka fassara takardun Sobiyet da Sin da ƙasashen gabashin Turai zuwa Turanci. Shawarata ita ce ka fara da FRUS, ka zaɓi rikici guda ɗaya, kada ka warwatsa hankalinka. Wanda yake son abin da ya shafi gida zai tarar da takardu masu yawa a kan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 a kundayen da suka shafi Afirka, kuma hanyar karatun da za mu bi a nan ta dace da su.

Ka fara da bangon takardar

Mutane da yawa suna tsallake shafin farko su wuce ga hukuncin da aka yanke, alhali kuwa rabin ma'anar takardar tana kan bangonta. Abu na farko shi ne ka tantance irin takardar da ke hannunka. Rahoton da wani ɗan leƙen asiri ya turo daga fage ɗanyen labari ne, ba a tace shi ba. Taƙaitaccen bayanin da ake kai wa shugaban ƙasa kowace safiya, wanda aka fara a 1961 domin Shugaba Kennedy, labarin yini ne, ana rubuta shi cikin hanzari. Takardar NIE kuwa hukunci ne na dukkan hukumomi a haɗe, ana ɗaukar makonni ko watanni ana gardama a kansa, idan kuma aka ƙara harafin S a gaba to an rubuta ta ne cikin gaggawa saboda wani lamari da ya taso. Kuskure ne babba ka ɗauki ɗanyen rahoto ka ce wannan shi ne ra'ayin gwamnatin Amurka.

Lambar ma tana magana. Lamba 11 tana nufin Tarayyar Sobiyet, 13 tana nufin ƙasar Sin, 85 kuma Kyuba, sannan lambobi biyu na ƙarshe su ne shekara. A ciki za ka ga jerin hukumomin da suka amince, da waɗanda suka ƙaurace, kuma sau da yawa za ka tarar da wakilin FBI, hukumar binciken cikin gida, ya ƙaurace saboda batun ba ya cikin huruminsa. Sai ka duba kwanan wata da kyau, ka rubuta shi a saman takardar da kake ɗaukar bayani, domin daga nan gaba duk abin da za ka yi zai dogara a kansa.

Za ka ci karo da fararen akwatuna ko baƙaƙen layuka inda aka share wasu kalmomi kafin a saki takardar. Galibi abin da ake ɓoyewa shi ne tushen labari da hanyar da aka bi aka same shi. Kada ka cika gurbin da zato. Abin da ya fi amfani shi ne ka nemi wani bugun takardar, domin akan saki takarda guda sau biyu ko uku a shekaru daban-daban, kuma abin da aka share a wancan bugu yana iya fitowa fili a wannan.

Ka tsaya a ranar da aka rubuta ta

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma shi ne na fi so ka daɗe a kansa. Ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku. A gida na farko ka rubuta abin da marubutan suka gani da idonsu ko suka tabbatar. A na biyu ka rubuta abin da suka yi zato. A na uku, wanda za ka cika daga baya, ka rubuta abin da yake faruwa a zahiri wanda ba su sani ba.

Mu gwada da takardar Kyuba. A gidan farko za ka sa jiragen ruwan Sobiyet da suka yawaita tun watan Yuli, da sansanonin makaman kakkaɓo jiragen sama samfurin SA-2 waɗanda U-2 ya gano a ranar 29 ga Agusta, da tarin rahotannin 'yan gudun hijira da ke isa jihar Fulorida suna cewa sun ga dogayen abubuwa a kan manyan motoci. A nan sai ka tuna cewa an shafe lokaci mai tsawo irin waɗannan rahotanni suna zuwa, kuma kusan duk wanda aka bincika sai a tarar ko dai ƙarya ne ko kuma makamin kakkaɓo jirgi mutumin ya gani. Mai nazarin da ya sha irin wannan jita-jita sau ɗari, ba abin mamaki ba ne idan ya yi sanyin jiki a karo na ɗari da ɗaya. Ka kuma lura da cewa bayan wani taro da aka yi a Fadar White House a ranar 10 ga Satumba, an taƙaita shawagin U-2 saboda tsoron kada a harbo shi, har aka shafe kusan makonni biyar ba a ɗauki hoton yammacin Kyuba ba, wato daidai yankin da ake gina sansanonin. Idon da ya kamata ya gani an rufe shi ne bisa shawarar 'yan siyasa.

A gida na biyu za ka sa ginshiƙin da dukkan hukuncin ya hau kansa: cewa Mosko ba ta saba kai irin waɗannan makamai wajen ƙasarta ba, kuma shugaban Sobiyet Khrushchev ya san Amurka ba za ta lamunta ba, don haka ba zai yi ba. Wannan ba abin da aka gani ba ne, zato ne game da abin da ke cikin zuciyar wani mutum. Daga baya ma aka gano cewa a 1959 Sobiyet ta taɓa girke makamai masu linzami na nukiliya a Jamus ta Gabas na ɗan lokaci, ke nan ginshiƙin kansa yana da tsaga. Khrushchev kuwa yana kallon duniya ne daga wani wuri daban. Yana ganin makaman Jupiter na Amurka a Turkiyya da Italiya, yana tuna harin da 'yan gudun hijirar Kyuba suka kai da goyon bayan CIA a watan Afrilun 1961, kuma ya san cewa Amurka ta gano ƙarancin makamansa masu cin dogon zango. Ga mutumin da ke cikin wannan hali, abin da Washinton take ɗauka hauka ne yana iya zama mafita.

Abin lura shi ne shugaban CIA kansa, John McCone, bai yarda da hukuncin ma'aikatansa ba. Yana kudancin Faransa yana hutun amarci a watan Satumba, amma ya riƙa aiko da saƙonni yana nanata cewa ruwa ba ya tsami banza: ba za a kashe wannan dukiya wajen kewaye tsibiri da makaman kakkaɓo jirage ba sai idan akwai abin da ake son ɓoyewa daga idon U-2. McCone ba shi da wata hujja da ta fi ta sauran, tambaya ce kawai ya yi wadda su ba su yi ba. Idan ka cika gidajen nan uku da gaskiya, za ka ga a fili inda hujja ta ƙare da inda zato ya fara, kuma a kusan kowace takarda da ta kuskure, a wannan mahaɗa ce ɓarakar take.

Irin wannan ya faru shekara 12 kafin nan a yaƙin Koriya. A farkon Oktoban 1950, Firayim Ministan Sin, Zhou Enlai, ya kira jakadan Indiya a Beijin, K. M. Panikkar, ya shaida masa cewa idan sojojin Amurka suka ƙetare layi na 38, wanda ya raba Koriya ta Arewa da ta Kudu, to Sin za ta shiga yaƙin. Saƙon ya isa Washinton, aka ɗauke shi barazanar baki. A ranar 12 ga Oktoba CIA ta rubuta cewa ba a sa ran Sin za ta shiga gadan-gadan a wannan shekara, domin ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba kuma lokacin da ya fi dacewa ta shiga ya wuce. Mako guda bayan haka dakarunta suka fara ƙetare kogin Yalu, da ke iyakar Sin da Koriya ta Arewa, cikin dare. Rashin hango ɓarkewar yaƙin a watan Yuni yana cikin dalilan da suka sa shugaban CIA na lokacin, Janar Walter Bedell Smith, ya kafa ofishin hasashe na ƙasa a ƙarshen 1950, ofishin da Sherman Kent ya jagoranta daga 1952 zuwa 1967.

Kalmomin zato

Shi wannan Kent, wanda asalinsa malamin tarihi ne a Jami'ar Yale, ya bar mana wani labari da ya kamata kowane mai karanta waɗannan takardu ya riƙe. A watan Maris na 1951 ofishinsu ya fitar da hasashe a kan ko za a kai wa Yugoslabiya hari a wannan shekara, aka rubuta cewa harin abu ne mai yiwuwa da ya kamata a ɗauka da muhimmanci. Wani jami'in ma'aikatar harkokin waje ya tambaye shi abin da suke nufi da lissafi, Kent ya ce a ransa kusan kashi 65 cikin 100 ne. Jami'in ya yi mamaki, domin shi ya fahimci abin da bai kai haka ba ko kusa. Da Kent ya koma ya tambayi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda dukkansu suka sa hannu a kan jimlar, sai ya tarar fahimtarsu ta kama daga kashi 20 har zuwa kashi 80.

Daga baya ya tsara ma'auni: abin da aka ce kusan tabbas ne ya zama wajen kashi 93, wanda aka kira da kalmar "probable", wato ana kyautata zatonsa, wajen kashi 75, kunnen doki wajen kashi 50, mai wuyar faruwa wajen kashi 30, wanda kusan ba zai yiwu ba wajen kashi 7. Ba a taɓa tilasta wa marubuta bin wannan ma'auni ba, wasu ma sun ƙi shi, don haka kada ka ɗauka kowace takarda ta bi shi. Amfaninsa a gare ka shi ne ya sa ka riƙa jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar zato. Kalmar "possible" ba ta ɗauke da wani nauyi, tana nufin abin bai kai tabbas ba kuma ba a kore yiwuwarsa ba. Idan kana fassarawa zuwa Hausa ka kiyaye ƙwarai, domin "wataƙila" da "mai yiwuwa" da "ana kyautata zaton" da "da wuya" ba matsayinsu ɗaya ba, kuma na sha ganin an mayar da jimlar da take cike da shakka ta koma "hukumar ta ce za a kai hari". Takardar Kyuba kanta ba ta ce abin ba zai yiwu ba, har ma ta amince cewa girke makaman zai amfani Mosko ta fuskar soja, ta kuma nemi a ci gaba da sa ido.

Ƙasan shafi

Kada ka wuce ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi. A tsarin NIE, hukumar da ba ta yarda da hukuncin rinjaye ba tana da damar rubuta saɓaninta a nan, kuma sau da yawa ainihin rigimar tana wajen. A ƙarshen shekarun 1950, bayan Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a ranar 4 ga Oktoba, 1957, hasashen Amurka ya nuna cewa nan da 'yan shekaru Mosko za ta mallaki ɗaruruwan makamai masu ƙetare nahiyoyi. Rundunar sojan sama ita ce kullum take rubuta adadi mafi yawa a ƙasan shafi, sojan ƙasa da na ruwa kuma suna rubuta mafi ƙanƙanta. Ba sai an zargi kowa da ƙarya ba, amma ya dace ka tambayi kanka wace runduna ce kasafin kuɗinta zai ƙaru idan adadin ya yi yawa. Sai da taurarin leƙen asiri na shirin Corona suka fara dawo da hotuna daga Agustan 1960 kafin gardamar ta mutu, kuma a Satumban 1961 aka sauke ƙiyasin zuwa tsakanin 10 da 25. Ainihin adadin ma bai kai haka ba.

Ka ƙirga tushen labari, ba yawan masu faɗa ba

Idan hukumomi biyar suka faɗi magana guda, ka binciki ko daga rijiya ɗaya suka sha. Yaƙin Oktoban 1973, wanda Masar da Siriya suka fara a ranar 6 ga wata, daidai da 10 ga Ramadan, shi ne misalin da ya fi bayyana wannan. Hukumar leƙen asirin sojan Isra'ila, ƙarƙashin Janar Eli Zeira, ta riƙe wata fahimta cewa Masar ba za ta yi yaƙi ba sai ta sami jiragen da za su iya kai hari can cikin Isra'ila, Siriya kuma ba za ta shiga ita kaɗai ba. Duk wata alama da ta zo sai a fassara ta ta wannan fuska: tarin dakaru a gaɓar mashigin Suwez atisaye ne, gargaɗin da Sarki Husaini na Jodan ya kai wa Firayim Ministar Isra'ila, Golda Meir, a ƙarshen Satumba bai isa ba, kwashe iyalan jami'an Sobiyet daga Masar da Siriya kwana biyu kafin yaƙin ma an nemo masa wata fassara. Hukumomin Amurka kuwa sun jingina da hukuncin Isra'ila saboda ganin cewa ita ce a bakin daga, Isra'ila kuma ta ƙara samun natsuwa ganin Amurka ba ta damu ba. Murya ɗaya ce take amsa kuwwa, ana jin ta kamar biyu.

Ka nemi bakin ɗaya ɓangaren

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma tun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 an sami damar jin wani sashe na abin da ɗaya ɓangaren yake tunani. A nan ne za ka cika gida na uku. A lokacin rikicin Kyuba, Amurka ta ƙiyasta sojojin Sobiyet da ke tsibirin a wajen 10,000, alhali sun haura 40,000. A wani taro da aka yi a Habana a 1992, Janar Anatoly Gribkov ya bayyana cewa akwai ƙananan makaman nukiliya na fagen daga a tsibirin, waɗanda aka tanada domin tarbar mamaya. Janar-janar ɗin da suke matsa wa Kennedy ya kai hari ba su san girman abin da ke jiransu ba. Ka lura da cewa wannan giɓi ya fi na takardar Satumba haɗari, amma ba a cika ambatonsa ba, saboda mamayar ba ta auku ba balle kuskuren ya fito fili.

Sai dai ka riƙe waɗannan bayanai da irin taka-tsantsan ɗin da ka riƙe na farko. Tsohon janar da yake ba da labari bayan shekara 30 yana iya mantawa ko ya ƙara gishiri, taskokin Mosko da Beijin kuma ba a buɗe su gaba ɗaya ba. Hatta binciken da ake yi bayan an kammala rikici shi ma hasashe ne. Game da atisayen ƙungiyar NATO mai suna Able Archer na Nuwamban 1983, takardar da hukumomin Amurka suka fitar a Mayun 1984 ta ce shugabannin Sobiyet ba su ji tsoron hari na gaske ba. Kwamitin da ke ba shugaban ƙasa shawara a kan leƙen asiri ya sake duba lamarin a 1990, ya soki wancan hukunci, ya ce an yi wasa da haɗari, kuma an saki rahotonsa a 2015. Masana tarihi har yanzu sun rabu a kan wanda ya fi gaskiya. Idan kana rubutu a kan irin wannan, ka kawo duka biyun, kowanne da shekararsa da waɗanda suka rubuta shi.

Gwajin farko: iyakar Sin da Sobiyet, 1969

Idan kana neman rikicin da za ka gwada hannunka a kansa, ina ba ka shawarar wannan, domin takardunsa ba su yi yawan da za su nutsar da kai ba, kuma masu hasashen sun yi aiki mai kyau, abin da zai koya maka cewa ba kullum ake kuskure ba.

Ka fara da taswira. Tsibirin da Sinawa ke kira Zhenbao, Rashawa kuma Damansky, yana cikin kogin Ussuri, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, kuma babu mai zama a kansa. A ranar 2 ga Maris, 1969, a kan ƙanƙarar kogin, aka kashe masu tsaron iyakar Sobiyet fiye da 30, a ranar 15 ga wata kuma aka sake gwabzawa da tankoki da manyan bindigogi. Ka rubuta tambayoyin da mai nazari a Washinton yake fuskanta: wa ya fara, me yake so, kuma ina abin zai tsaya. Henry Kissinger, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro a lokacin, ya bayyana daga baya cewa da ya duba inda ake arangama a yankin Xinjiang, ya ga wuraren suna kusa da layin dogon Sobiyet kuma suna nesa ƙwarai da na Sin, sai ya karkata ga cewa Mosko ce mai tsokana. Dabarar tana da kyau, amma ba ta amsa tambayar Ussuri, inda binciken masana tarihin Sin ya nuna cewa harin 2 ga Maris kwanton ɓauna ne da dakarun Sin suka shirya.

Daga nan ka karanta takardar NIE 11/13-69 ta ranar 12 ga Agusta. Ta lura da yadda Sobiyet ta ƙara yawan dakarunta a kan iyaka tun daga 1965, ta ce lokaci ya yi da za a tambaya da gaske ko babban yaƙi zai iya ɓarkewa, ta karkata ga cewa dukkan ɓangarorin za su guje masa, amma ta bar ƙofa a buɗe cewa Mosko tana iya kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Sin, wadda ta yi gwajin bam ɗinta na farko a Lop Nur a ranar 16 ga Oktoba, 1964. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin zatonta, sannan ka duba abin da ya biyo baya. Washegari aka yi mummunar arangama a Tielieketi da ke iyakar Xinjiang. A ranar 18 ga Agusta, wani jami'in ofishin jakadancin Sobiyet a Washinton, Boris Davydov, ya tambayi William Stearman na ma'aikatar harkokin waje a kan teburin abincin rana abin da Amurka za ta yi idan aka kai wa cibiyoyin nukiliyar Sin hari. Kafin ka karanta sharhin jami'an Amurka, ka rubuta naka hukuncin: shin share fagen hari ne, ko kuwa saƙo ne da ake son ya zagaya ya isa kunnen Beijin ya tsorata ta? Ka sa masa kashi cikin 100, ka kuma rubuta dalilinka.

Sai ka juya zuwa takardun Sin da aka fassara, inda za ka ga tsoron ya kai su nesa fiye da yadda ake hange daga waje. Firayim Ministan Sobiyet, Kosygin, ya ya da zango a filin jirgin saman Beijin a ranar 11 ga Satumba, a kan hanyarsa ta komawa daga jana'izar shugaban Biyetnam ta Arewa, Ho Chi Minh, ya gana da Zhou Enlai, aka amince a zauna a tattauna. Duk da haka shugabannin Sin sun yi zargin cewa tattaunawar lulluɓi ce ta harin ba-zata, don haka a tsakiyar Oktoba aka warwatsa manyan shugabanni daga babban birnin, Shugaba Mao ya koma Wuhan, ministan tsaro Lin Biao kuma ya ba da umarnin sanya dakaru cikin shirin ko-ta-kwana. Ka kwatanta wannan da abin da takardun Amurka na waɗannan makonni suka gani da abin da ya kuɓuce musu, ka cika gidanka na uku. An buɗe tattaunawar iyaka a Beijin a ranar 20 ga Oktoba, 1969, harin bai zo ba, Kissinger ya kai ziyarar sirri Beijin a watan Yulin 1971, kuma yarjejeniyar iyaka ta 1991 ta bar tsibirin a hannun Sin.